Wayar Murya: Yadda A Ke Haɗa Ta A Gida, Da Kayan Aikin Da Suka Dace

Ran 25 ga watan Yuni, 1968, aka fara jin muryar Rediyon Katar daga birnin Doha. A 1996 gidan talabijin na Aljazira ya buɗe a wannan birni, a 2022 kuwa daga nan aka watsa wa duniya wasanni 64 na gasar ƙwallon ƙafa. An kashe dukiya mai yawa wajen na'urorin da suka yi wannan aiki. Amma duk muryar da ta fita daga bakin mai magana, kafin ta kai ga tauraron ɗan Adam, sai ta fara bi ta cikin wani abu wanda ba a cika kula da shi ba, watau 'yar wayar nan da ke tsakanin makirfo da na'ura.

Injiniyoyin rediyo sun san halinta. In murya ta ɗauke, ko ta shiga ƙara, waya su ke fara tuhuma, gama ita a ke takawa, ita a ke ja, ita a ke naɗewa a warware kullum. Wannan bai tsaya ga manyan gidajen rediyo ba. Bahaushen da ke aiki ko karatu a Doha, wanda ke ɗaukar karatun malami don ya aika gida, da ladanin da ke kula da lasifikar masallacin unguwa a Kano ko Maraɗi, damuwarsu ɗaya ce. Abin da ya kamata su sani shi ne, kyan waya ba a tsadarta ya ke ba. Yana wurin da aka liƙa ta da fulogi, kuma mutum na iya yin wannan liƙi da hannunsa a gida.

Da farko sai a san abin da wayar ke ɗauke da shi. Makirfo yana juya motsin iska ya zama lantarki, amma lantarkin nan rarrauna ne ƙwarai, sau da yawa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na bolt guda ba. Wutar gida a Katar kuwa bolt 240 ce, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, kamar yadda ta Nijeriya da ta Nijar ke yi. Kowace wayar wuta da ke cikin bango, da kowace fanka, da na'urar sanyaya ɗaki, suna baza wani ɓoyayyen ƙarfi a kewayensu. In wayar murya ta ratsa ta wurin ba kariya, sai ta kwashi kaɗan daga ciki. Sa'an nan amfilifaya, wadda ba ta san bambancin muryar liman da ta fanka ba, ta ƙara musu ƙarfi baki ɗaya. Gurnanin nan mai kauri da a kan ji a lasifika, kamar na ƙudan zuma a cikin tulu, asalinsa ke nan.

Maganin farko tsoho ne. A 1836 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa in an kewaye abu da ƙarfe, lantarkin waje ba ya kai wa gare shi. Don haka in an fere wayar murya za a ga silin jan ƙarfe a tsakiya, an rufe shi da roba, kana an lulluɓe robar da wata saƙa ta siraran wayoyi kamar raga. Ragar nan ita ce garkuwa. Irin wannan waya mai sili ɗaya ta isa haɗa rediyo da amfilifaya a ɗaki, amma in tsawonta ya haura mita 5 ko 6 sai ƙara ta fara shiga.

Magani na biyu ya fi ban sha'awa, kuma daga masu tarho aka gaje shi. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar murɗa wayoyi biyu da juna kamar igiya. A wayar makirfo ta ƙwarai sili biyu ne a cikin garkuwa, murɗaɗɗu, na'urar da ke karɓa kuwa ba ta duban kowane sili shi kaɗai, bambancin da ke tsakaninsu ta ke aunawa. Misalin wannan shi ne sikeli mai faranti biyu a kasuwa. In yayyafi ya sauko, ruwa zai zuba a faranti biyun daidai wa daida, awon kuwa ba zai sake ba. Haka gurnanin wuta ke faɗa wa sili biyun daidai, gama murɗar ta sa babu wanda ya fi wani kusa da wayar wuta, sai ya kashe kansa da kansa, murya ta wuce ita kaɗai. Da irin wannan waya a kan kai murya mita 100 ba tare da wata illa ba. Duk wanda zai ja makirfo daga mumbari zuwa ɗakin na'ura, ita ya kamata ya nema, kada ya yarda a sayar masa da wata.

Fulogi kuma iri-iri ne. Mai kaurin rubu'in inci, wanda masu garaya ta zamani ke amfani da shi, ya samo asali daga ɗakunan haɗa tarho na ƙarshen ƙarni na 19. Ƙaramin ɗan'uwansa na milimita 3.5 ya bazu a duniya bayan fitowar Walkman ta kamfanin Sony a 1979, shi ne kuwa mafi wuyar liƙi saboda ƙanƙantarsa. Akwai RCA, mai ja da fari, na bayan rediyo da talabijin. Sarkinsu duka shi ne XLR mai ƙafa uku, wanda kamfanin Cannon na Amurka ya fito da shi a shekarun 1950. Yana da makulli, ba ya zarewa don an ja shi. An kuma daidaita ƙa'idarsa a 1992: garkuwa a ƙafa ta 1, silin da a ke kira mai zafi a ta 2, ɗayan a ta 3. Lambobin suna rubuce a jikin fulogi, lalle ne a duba su, domin jerinsu a fulogi namiji kishiyar na mace ne, nan ne sabon hannu ya kan ruɗe.

To, me ya sa Doha ta zama wurin gwajin waya? Birnin yana bakin Tekun Fasha. A watan Yuli na 2010 zafinsa ya kai digiri 50.4, da bazara kuwa iskarsa cike ta ke da laima da gishiri. Mutum ya fito da kaya daga ɗaki mai sanyi zuwa waje, nan da nan raɓa ta kwanta a kan ƙarfe, kamar yadda tabarau ke yin hazo. Laima da gishiri su ne abincin tsatsa. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, wadda za ta iya yin shekara a bushewar Katsina, a nan ba ta daɗewa sai ta yi baƙi ta fara ƙaiƙayin murya, zafi kuma ya narkar da danƙon tef ya zame. Nan ne kaɗai zinariyar da a ke shafa wa bakin fulogi ke da amfani, gama ba ta tsatsa. Amma ba ta ƙara wa murya daɗi, ko da mai kanti ya rantse. Wajen ɗaukar lantarki azurfa ce ta fari, jan ƙarfe na biye, zinariya ta uku ce.

Abin tsoro a kasuwa shi ne wayar jabu, wadda cikinta alminiyam ne ko baƙin ƙarfe, aka yi masa rufin jan ƙarfe a sama. Gane ta ba wuya. A kankare sili da reza, in fari ya bayyana a ciki, ba jan ƙarfe ba ne. A kuma kusantar da mayen ƙarfe, in ya ja ta, a bar wa mai ita. Alminiyam kashi 61 cikin 100 kawai na aikin jan ƙarfe ya ke yi, yana saurin karyewa, ba ya kuma son liƙi.

Kayan aiki ba su da yawa. Babbansu shi ne ƙarfen liƙi na lantarki. Mutane da dama suna tsammanin ƙarami mara ƙarfi ya fi sauƙin sarrafawa, wannan kuwa kuskure ne. Ƙarfen da bai da isasshen zafi yana tilasta wa mutum ya daɗe a kan fulogi, kafin liƙi ya kama roba ta narke, ƙafar fulogi ta karkace. Mai ƙarfin wat 30 zuwa 60 ya isa, in an sami wanda a ke daidaita zafinsa a tsayar da shi wajen digiri 350, ya fi. Bakinsa ya zama mai ɗan faɗi kamar kurfi, gama mai tsinin allura ba ya isar da zafi da sauri. Bayansa sai filaya mai yanka, da abin fere waya, da wani abin da zai riƙe fulogi, ko da guntun katako ne da aka huda, domin aikin na bukatar hannu uku, mutum kuwa biyu gare shi. Sa'an nan mita ta auna lantarki, mai yin ƙara in an haɗa bakunanta biyu. In kuɗi sun gaza, gara a sayi ƙarfe mai araha a sami mita, da a sayi mai tsada a rasa ta.

Abin liƙin kansa, wanda maƙeran fari ke kira sinadari tun kafin kalmar ta sami ma'anarta ta yanzu, gauraye ne na kuza da dalma. Wanda ke da kashi 63 na kuza da 37 na dalma yana narkewa a digiri 183. A cikin silinsa akwai ƙaron itace wanda ke wanke dattin ƙarfe sa'ad da ya narke. Kada a kuskura a yi amfani da na masu gyaran famfo, nasu asid ne, zai ci wayar sannu a hankali. Tun daga Yuli 2006 Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, saboda haka akwai wani iri mara dalma, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 217 ya ke narkewa. Hanin nan ba banza ba ne. Mutanen arewa ba su manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara wajen 400. Guba ɗaya ce. Kada a kama silin da haƙori, kada a ci goro ko abinci a kan aiki, a wanke hannu da sabulu in an gama, a share ɓarɓashi kafin yaro mai rarrafe ya tsince shi. A kuma buɗe taga saboda hayaƙin ƙaro.

Ga yadda a ke aikin. A fara zura murfin fulogi a jikin waya tun kafin a taɓa wuta. Babu ma'aikacin da bai taɓa manta wannan ba, ya gama liƙi mai kyau sa'an nan ya warware shi. A fere rigar waje kamar santimita 2, a hankali don kada reza ta yanke garkuwa. A tattara garkuwar gefe guda a murɗe ta ta zama sili. A fere bakin silin ciki milimita 3 ko 4 kacal. Daga nan a shafa wa kowane sili dalma shi kaɗai, a kuma zuba kaɗan a cikin ƙoƙon kowace ƙafar fulogi. Sa'an nan a ɗora ƙarfe a kan ƙoƙon, da zarar ya narke a tura sili, a janye ƙarfe, a riƙe hannu cik har ya daskare. Duka bai kamata ya wuce daƙiƙa 3 ko 4 ba.

Asirin yana nan: ƙarfen da za a liƙa a ke zafafawa, shi ne zai narkar da dalma ya sha ta. Wanda ya ɗauko dalma a bakin ƙarfen liƙi ya ɗiga ta a kan waya mai sanyi, ya ɗora ta ne kawai, ba ta kama ba. Liƙi mai kyau sumul ya ke, ya malale ya bi jikin ƙarfe. Mara kyau kuwa dunƙule ya ke kamar kashin akuya, zai yi aiki yau, ran Juma'a da masallaci ya cika ya ɗauke. Bayan liƙi lalle ne maƙalin fulogi ya kama rigar waje sosai, domin in an ja waya, rigar ta ɗauki wahalar.

Wayar lasifika dabam ta ke. Ita ba ta bukatar garkuwa, kauri ta ke bukata. In lasifika mai om 8 tana nesa da amfilifaya da mita 50, waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 za ta cinye wajen kashi 1 cikin 8 na ƙarfin, mai 0.5 kuwa kusan kashi 3 cikin 10. Shi ya sa manyan masallatai da filayen jirgin sama ke amfani da tsarin bolt 100, inda kowace lasifika ke da 'yar taransifomarta.

Akwai wata muguwar dabara wadda dole a ambata. Wani lokaci gurnani ya kan zo ko da waya lafiya ta ke, saboda na'urori biyu suna shan wuta daga soket dabam-dabam. Waɗansu su kan cire wayar ƙasa daga fulogin wuta mai ƙafa uku, gurnani kuwa ya ɗauke. Amma wayar nan ita ce ke tsakanin mutum da bolt 240. Ran da wuta ta taɓa jikin amfilifaya, ba ta da hanyar zuwa ƙasa sai ta garkuwar waya, zuwa makirfo, zuwa leɓen mai magana. Abin da ya dace shi ne a sa na'urorin a soket guda, ko a sa 'yar taransifomar rabuwa a kan wayar murya.

Kafin a soka sabuwar waya a na'ura sai a gwada ta da mita. Ƙafa ta 1 ta yi ƙara da ta 1 ta ɗaya ƙarshen, ta 2 da ta 2, ta 3 da ta 3, kada kuma wata ta yi ƙara da maƙwabciyarta. Wannan na da muhimmanci, gama waɗansu makirfo suna karɓar bolt 48 ta cikin wayar nan, dabarar da kamfanin Neumann na Jamus ya fito da ita a 1966, gashin garkuwa ɗaya da ya kauce kuwa ya isa ya haɗa ƙafa biyu. A riƙa lanƙwasa wayar kusa da fulogi sa'ad da mita ke ƙara. In ƙarar ta yanke ko sau ɗaya, a buɗe a sake liƙi. In an tashi ajiye ta kuma, kada a naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, a yi mata zagaye masu faɗi a rataye ta a inuwa.