Katin zaɓe daga takardar haifuwa yake farawa

A zaɓuɓɓukan Disamba 2020, Nijar ta yi aiki da sabon kundin masu zaɓe, mai hoto da zanen yatsu, wanda ya ƙunshi mutum sama da miliyon 7. Amma kafin mutum ya tsaya gaban na'ura, sai ya nuna takardar shaida. A karkara irin Kanan-Bakashe, cikin gundumar Mayahi, manoma da dama, balle mata, ba su da takardar haifuwa. Shi ya sa hukuma ta fara bin ƙauyuka tana ba da ita kyauta.

An jingine zaɓe tun juyin mulkin 2023, amma darasin yana nan. Uban da ya rubuta jaririnsa yau, ya tanadar masa ƙuri'arsa ta shekara 18 gaba. Da sanyin safiya ake kamun fara.