Fatsar Giwan Ruwa: Wace Ƙugiya, Wane Koto?

A watan Fabrairu, sa'ad da nake zagayen ƙauyukan da ke bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wani saurayi daga ƙungiyar matasa ta ekklesiya ya ja ni gefe bayan an tashi sujada, ya ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Ya shiga ɗaki ya fito da sandar fatsa irin ta Turawa, mai ƙarfen naɗe zare, da wani akwatin roba cike da kifayen ƙarya, ja da kore da masu ƙyalli. Buhu biyu na masara ya sayar ya saye su wurin masu gwanjo a birni. Ya yi mako uku yana zuwa ruwa. Ƙananan kifi biyu ya samu. Sau ɗaya ne babban giwan ruwa ya kama, ya yi tsalle ya girgiza kai, ya tafi abinsa. Da yaron ya jawo zaren, sai ya ga ƙugiyar ta miƙe kamar allura. Masarar nan kuwa ta cikin rumbun gida ce, ga shi damina da sauran nisa.

Ban yi masa dariya ba, gama ni ma da na ga akwatin sai da ya ba ni sha'awa. Amma na ga ya kamata mu yi magana a kan wannan a takardarmu, domin matasa da yawa sun fara neman abin yi a bakin ruwa da rani, kuma kuɗin da ke hannunsu ba shi da yawa.

Kayan da ya saya ba na banza ba ne, amma ba domin kifinmu aka yi su ba. An yi su ne domin wani kifin ruwan daɗi na Amurka wanda suke kira bas. Mutanen can suna ƙaunar kamunsa ƙwarai, har gasa suke yi, kuma yawancin kifayen ƙarya da tsutsotsin roba da ke yawo a kasuwannin duniya saboda shi aka ƙera su. Halinsa ya yi kama da na giwan ruwa: yana da babban baki, yana laɓewa gindin dutse ko kututture, in ƙaramin kifi ya gifta ya zuƙe shi gaba ɗaya. Bambancin yana wajen girma. Bas mafi nauyi da aka rubuta a littafin masu fatsa, wanda wani manomi George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan kai, kuma sai a 2009 aka sami kamarsa a ƙasar Japan. A wurinmu fa? A bikin kamun kifi na Argungu na 2005, kifin da ya ci gasa kilo 75 ne. Giwan ruwa yana iya kai tsawon mutum ya wuce. To, ƙugiyar da aka yi domin kifi mai kilo biyu ko uku, ina za ta riƙe wannan?

Saboda haka kafin mutum ya taɓa aljihunsa, sai ya fara tambayar kansa wane kifi yake nema, da kuma yadda kifin nan yake samun abincinsa.

Tarwaɗa da ramboshi da kurungu da gashin bakinsu suke neman abinci. Wari suke bi, da dare suke kiwo, a ƙasan ruwa. Su ba ruwansu da launi ko ƙyalli. A ba su tana, ko hanjin kaza, ko guntun kifin da ya fara wari, a sa 'yar darma ta kai ƙugiya ƙasa, shi ke nan. Karfasa kuwa ƙaramin baki gare ta, sai ƙaramar ƙugiya da tana ko gara ko ɗan curin tuwo. Duk waɗannan, sandar gora da zare da totuwar kara sun isa, kuma yaranmu sun riga sun iya. In abin da kake so shi ne kifi ya shiga miya kowace rana domin yara su sami abin gina jiki, a nan za ka tsaya, kada ka sayi kome na kanti sai ƙugiya da zare.

Giwan ruwa da tsage ne masu farauta da ido. Su ne aka fi iya ruɗinsu da koton ƙarya, kuma ko su ɗin ma sai ruwa ya kwanta. Da damina Gongola yakan zo ja wur da laka, kifi ba ya ganin abin da ya wuce kamu ɗaya a gabansa. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ne ruwa yake yin garau. Wannan ya yi mana daidai, gama lokacin ne aikin gona ya yi sauƙi. In ka duba idon giwan ruwa za ka ga yana da wani haske rawaya a ciki. An yi shi domin gani a cikin duhu-duhu. Shi ya sa da asuba da kuma dab da faɗuwar rana yake fitowa gefen duwatsu, da rana tsaka kuwa ya koma zurfi. Saurayin nan namu da hantsi yake zuwa, bayan ya gama ba dabbobi ruwa, watau daidai lokacin da kifin ya tafi.

Na kai shi wurin wani tsohon masunci da ya zo daga wajen Yawuri ya zauna a nan bayan an gama madatsar a 1984. Musulmi ne, mun saba da shi, kullum in na zo sai na kai masa gaisuwa. Ya juya kifayen roban nan ɗaya ɗaya a tafin hannunsa, ya kama wata ƙugiya ya tanƙwara ta da yatsa biyu, ya ce, "Yaro, wannan ai ta kamun kawara ce." Na ce, "Baba, to da me ku kuke kama shi?" Ya ce da ɗan'uwansa kifi. Sai ya nuna mana. Ana samun karfasa ko kawara mai rai, tsawon tafin hannu, a soka ƙugiya a bayanta ƙarƙashin ƙayar baya, a kula kada a taɓa ƙashin tsakiya, gama in an taɓa shi ta mutu ke nan. A ɗaura ƙaramar gora a sama yadda koton zai yi yawo kamu huɗu ko biyar a ƙarƙashinta, a sake shi kusa da dutse ko itacen da ruwa ya cinye. In gora ta nutse kada a fizga nan da nan. A bari ya juya kifin a bakinsa tukuna, sa'an nan a ja da ƙarfi. A ganina, ga mai neman abinci da kuɗi, har yanzu babu koton da ya fi wannan, kuma ba a sayensa.

Amma koton ƙarya yana da nasa amfani. Ba ya mutuwa, ba ya ruɓa, kuma da shi mutum yana iya bin bakin ruwa yana jifa wuri wuri har ya gano inda kifi yake. Abin da nake so matasanmu su sani shi ne, ba dole sai na kanti ba. Kifayen ƙarya masu suna Rapala, waɗanda ake sayarwa da tsada ko'ina a duniya, wani matalaucin masunci ne na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya fara sassaƙa na farko da wuƙa a 1936. Da ɓawon itace mara nauyi ya yi shi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta alewa. Abin da ya lura da shi a ruwa shi ne, babban kifi yakan bar masu lafiya ya bi wanda yake tangaɗi saboda rauni. Duk asirin koton ƙarya ke nan: ya yi ƙyalli, ya yi tangaɗi.

Cokalin ƙarfe na cin abinci yana yin duka biyu. A yanke masa hannu, a goge wurin da zarto, a huda rami ɗaya a kowane ƙarshe da ƙusa. Maƙeri zai yi wannan cikin ɗan lokaci. A ƙarshe mai faɗi a sa zoben waya mai ƙarfi da babbar ƙugiya guda ɗaya. A ɗaya ƙarshen a sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sayarwa wurin masu kayan su, gama in babu shi cokalin zai murɗe zaren har ya cukurkuɗe. In an ɗaura ɗan jan ƙyalle ko farin gashin kaza a gindin ƙugiya, ya ƙara kyau. A riƙa goge cokalin da toka. Ana jefa shi, a ƙirga zuwa biyar ko goma domin ya nutse, sa'an nan a jawo a hankali, ana ɗan tsayawa. Sau da yawa a lokacin tsayawar nan ne kifi yake kamawa. Na fi son ƙugiya ɗaya a kan mai baki uku, domin ba ta cika maƙalewa a itace ba, kuma in ta shiga hannun mutum fitar da ita ya fi sauƙi.

Game da ƙugiya, mutane da yawa suna ruɗewa da lamba. A irin kwalin da aka saba sayarwa a kasuwanninmu, kamar na kamfanin Mustad na ƙasar Norwe, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance: lamba 14 ta karfasa ce, lamba 4 kuwa babba ce. Amma in ka ga an rubuta 5/0 ko 7/0, to lissafin ya juya, mai babbar lamba ita ce babba. Kada ka dogara ga lamba kaɗai. Ka matsa ta da yatsu kamar yadda Baba ya yi. In ta motsa, ka ajiye. Ka ja bakinta a kan farcenka. In ta zame ba ta kama ba, tana bukatar wasawa a dutse.

Zaren da ya zo da sandar saurayin nan, abin da aka rubuta a jikinsa bai kai kilo 6 ba. Domin giwan ruwa, shawarata ita ce a nemi nailan mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25, sa'an nan kamu biyu na ƙarshe, wajen ƙugiya, a sa wanda ya ninka wannan kauri. Dalili kuwa, haƙoransa ƙanana ne amma suna gurzar zare kamar zarto, kuma murfin kunnensa yana da kaifi, in ya girgiza kai yakan datse siririn zare. Tsage kuwa haƙoransa kamar ƙusoshi suke, babu nailan da zai tsaya masa. Sai waya. Tsohuwar wayar birkin keke, in an warware ta an ɗauki silli biyu ko uku, tana yin aikin. Rana tana cin nailan, saboda haka a ajiye shi a inuwa, a riƙa bin sa da yatsa ana yanke inda ya yi kaushi. A jiƙa ƙulli da miyau kafin a ja shi ya ɗaure.

Ƙarfen naɗi fa? In kana da shi, to. Amma yashi yana kashe shi, kuma in wani abu ya karye a ciki babu mai gyara a ƙauye. Gwangwanin madara babba ko kwalba, in an naɗe zare a jiki, aka juya bakinta wajen ruwa lokacin jifa, zaren yana fita sumul. Abu ɗaya nake roƙonku: kada kowa ya naɗa zare a yatsa ko a wuyan hannu, kada kuma ya ɗaura shi a ƙugu. Kifi mai kilo 30 yana iya yanka yatsa har ƙashi, yana iya jawo mutum daga kan dutse ko ya kifar da ƙaramin kwalekwale. A sa guntun robar tayar keke a yatsa, kuma a je mutum biyu.

Wanda ya karanta Matiyu sura 17 zai tuna cewa Ubangiji ya aiki Bitrus da ƙugiya, ba da taru ba, a ranar da ake bukatar kuɗin haraji. Kifi ɗaya ake bukata ranar. Na faɗi wannan ne domin fatsa tana da wani kirki da sauran hanyoyi ba su da shi, watau kana ganin abin da ka kama yana da rai, kana iya mayar da shi. Macen giwan ruwa ba ta fara ƙwai sai ta wuce tsawon kamu ɗaya sosai. Wanda bai kai nan ba, a cire ƙugiya a sake shi da sauri, gama ba ya jimre zama a waje kamar tarwaɗa. Zuba guba a ruwa, ko Gammalin ko magimfa, da jefa nakiya, dokar kamun kifi ta 1992 ta hana, kuma bai kamata a ji sunan ɗan ekklesiya a ciki ba. A gaida Sarkin Ruwa kafin a fara, a tambayi ma'aikatan kifi na jiha game da lasin. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya saba shiga ruwa, ya je asibiti, tsagiya ce, tana da magani.

Wani dattijon ekklesiya ya tambaye ni ko za a iya sa 'ya'yan giwan ruwa a tafkin kiwon kifi na ƙungiya. Kada a yi sai da shawarar ma'aikacin kifi. A shekarun 1950 aka sa shi a Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka inda ba gidansa ba ne, ya cinye ire-iren ƙananan kifi masu yawan gaske har aka daina ganinsu. Abin da ya yi wa babban tafki, ba zai yi wa ramin da muka haƙa da hannu wuya ba.

Saurayin nan ya cire raunanan ƙugiyoyin daga manyan kifayen robansa guda uku ya sa masu ƙarfi, sauran ya ajiye. Yanzu da asuba yake fita tare da jikan Baba. Da na koma a ƙarshen Maris ya riga ya kama giwan ruwa huɗu, uku da karfasa mai rai, ɗaya da cokali. Babban cikinsu ya sayar, kuɗin ya mayar da buhu ɗaya na masara, saura ɗaya. A taron matasa na gunduma mai zuwa za mu gwada yin cokalin nan tare. Kowa ya zo da tsohon cokali da ƙusa, amma a tambayi uwargida kafin a ɗauka.