Maganin Ciyawa da Ƙwayayen Haihuwa: Abin da Aka Gani a Jikin Dabbobi

'Yan uwa, duk lokacin da damina ta ƙarato, da yawa daga cikinmu a nan Manchester da Birmingham mukan aika kuɗi gida a sayi taki da iri da maganin feshi. Maganin kashe ciyawa ya zama ruwan dare a gonakin masara na Funtuwa da Saminaka da na shinkafa a Kura, domin yana rage wahalar noma da kuɗin ƙwadago. Sai dai akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika tattaunawa ba, wato abin da irin waɗannan magunguna ke yi wa 'yar dabba idan suka shiga jikinta tun tana ciki ko tana jaririya.

Ƙwan mace a ƙirge yake

Jikin namiji yana ƙera sabon maniyyi tun daga balaga har tsufa. Mace kuwa, mutum ce ko tunkiya ko saniya, da ƙwayayenta ake haihuwarta, a adane cikin ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa. 'Yar tayi mai wata biyar tana da ƙwayaye miliyan 6 zuwa 7. Ranar haihuwa sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, lokacin balaga kuma saura kamar 300,000 zuwa 400,000, waɗanda 400 zuwa 500 ne kawai za su nuna su fito a tsawon rayuwarta.

Sinadaran jiki da ake kira homon su ne ke tsara ginin wannan ma'ajiya, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu ke yin aikin. Idan wani baƙon sinadari ya kwaikwaye su ko ya tare musu hanya a wannan lokaci, ginin na iya karkacewa, ba kuma za a gane ba sai dabbar ta isa haihuwa. Saboda haka masana ke cewa lokacin da magani ya shiga jiki yana da muhimmanci kamar yawansa.

Kwaɗi, ɓeraye da tumaki

A 2002 Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ya reni talibambam na wani kwaɗon Afirka a ruwa mai ɗauke da atirazin, maganin da ake yawan fesawa a gonar masara. Ko da ƙarfin maganin bai wuce giram ɗaya cikin lita miliyan 10 ba, wasu kwaɗin sun tashi mata-maza, da ma'ajiyar ƙwai da 'ya'yan maraina a jiki guda.

A Ajantina, ƙasar da ke noman waken suya da yawa, masana na Jami'ar Litoral da ke Santa Fe sun duba gilifoset, sinadarin da ke cikin Roundup da ire-irensa. A 2016 sun ba jariran ɓeraye mata miligiram 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a makonsu na farko. Da suka girma sun ɗauki ciki, amma ɓarin tayi ya fi yawa a cikinsu. A 2019 suka gwada 'yan tumaki mata da irin wannan awo, daga ranar haihuwa zuwa kwana 14. Da aka duba su a kwana na 45, tsarin girman ƙwayayensu ya sauya, kuma alamun yadda ma'ajiyar ke amsa homon ɗin da ke sa ƙwai ya nuna sun ragu, ko ta baki aka ba da maganin ko ta allura.

A yi adalci ga binciken

Tunkiya da kwaɗo ba mutum ba ne, kuma waɗannan gwaje-gwaje ba su tabbatar da cewa maganin ciyawa na hana 'ya'ya mata haihuwa ba. An sake gwajin kwaɗin a wasu ɗakunan bincike da kuɗin kamfanin Syngenta mai yin atirazin, ba a ga mata-maza ba, kuma a 2007 hukumar kare muhalli ta Amurka ta karɓi wannan sakamako. Sannan abin da ke cikin galan haɗi ne, akwai sinadaran da ake ƙarawa don magani ya kama ganye. A 2016 Tarayyar Turai ta hana haɗa ɗaya daga cikinsu da gilifoset. Gargaɗi ne dai, amma gargaɗin da ya shafi dabbar da muke kiwo a gidajenmu.

A nan da can

Tarayyar Turai ta janye izinin atirazin a 2004 saboda yana sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka kuma hana parakwat, wanda manoma suka sani da Gramoxone, a 2007. Duk da haka an yi shekaru ana haɗa parakwat a Huddersfield, nan kusa da Manchester, ana fitar da shi waje. A Najeriya hukumar NAFDAC ta sanar da shirin janye su biyun daga kasuwa.

Ruwan famfonmu a nan ba abin damuwa ba ne. Yawancin na Manchester daga tafkunan Lake District yake zuwa, na Birmingham daga kwarin Elan a Wales, kuma doka ta ƙayyade kada wani maganin feshi ya wuce giram ɗaya cikin lita miliyan 10. Inda za mu haɗu da gilifoset shi ne bayan gida da filayen lambu na haya, waɗanda Birmingham kaɗai ke da fiye da 100. Mai ɗan fili na alayyahu da tumatur, fartanya ta ishe shi. Idan dole sai an fesa, a bi umurnin da ke jikin kwalba, mai ciki kuma ta bar wa wani aikin, yara su jira har wurin ya bushe.

Babban aikin yana gida. Idan za mu tura kuɗin feshi, mu haɗa da kuɗin safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci. Mu roƙi 'yan uwa kada a mayar da galan ɗin magani na ɗiban ruwa ko zuba manja, kada a wanke injin feshi a bakin rijiya ko kududdufin da dabbobi ke sha. Kada a yanko ciyawar da aka fesa a ba tunkiya mai ciki ko mai shayarwa, kada a tura yara ko mai goyo su bi bayan mai feshi. A ajiye magani nesa da rumbu da ɗakin kwana.

Tunkiyar da ba ta haihuwa asara ce ga gida, ballantana ɗiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.