Sholay: Fim ɗin da Ya Haɗa Jini da Dariya

Sholay fim ne na Indiya da aka fara nunawa ranar 15 ga Agusta, 1975, a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, mahaifinsa G. P. Sippy ya zuba kuɗi, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labari, R. D. Burman ya tsara kiɗa. Tsawonsa ya haura awa uku. An ɗauki mafi yawansa a cikin duwatsun Ramanagara, kusa da Bangalore a jihar Karnataka, inda aka gina ƙauye sukutum domin aikin, kuma an kwashe kusan shekara biyu ana ɗauka tun daga Oktoban 1973. Abin da ya bambanta shi da sauran fina-finan faɗa na zamaninsa shi ne yadda ya ɗora barkwanci kafaɗa da kafaɗa da kisan gilla, ba tare da ɗayan ya ɓata ɗayan ba.

Ƙashin bayan labarin ba sabo ba ne. Ƙauyen da 'yan fashi suka addaba har ya ɗauko mayaƙa daga waje, Akira Kurosawa na Japan ya riga ya yi shi a Seven Samurai a 1954, Amurkawa suka mayar da shi fim ɗin kaboyi mai suna The Magnificent Seven a 1960. Salon ɗaukar hoton kuwa, da dogon shiru kafin a harba bindiga, an aro su ne daga fina-finan kaboyi na Sergio Leone ɗan Italiya. A cikin gida ma Indiya tana da nata labaran 'yan fashin kwarin Chambal, kuma daga wani ɗan fashi na gaske da ya yi tashe a can a shekarun 1950 aka ɗauko sunan bos ɗin fim ɗin, wato Gabbar Singh.

Tsohon sufeton 'yan sanda, Thakur Baldev Singh, wanda Sanjeev Kumar ya fito a matsayinsa, shi ne ya aika a nemo masa wasu ƙananan ɓarayi biyu, Veeru da Jai, wato Dharmendra da Amitabh Bachchan. Ya taɓa kama su a baya, 'yan fashi suka tare jirgin ƙasan da yake tafiya da su, suka taya shi faɗa, kuma da ya ji rauni suka kai shi asibiti alhali ga hanyar gudu a buɗe. Buƙatarsa guda ce: su kamo masa Gabbar da rai. Gwamnati ta sa ladan rupi 50,000 a kan Gabbar, Thakur ya yi alkawarin ƙara musu nasa a kai. Da haka suka iso ƙauyen Ramgarh, da niyyar su fasa akwatin kuɗin mai gidan su gudu tun daren farko.

Kafin a kai ga Ramgarh ɗin, fim ɗin ya shafe lokaci mai tsawo yana wasa. Akwai mai sayar da katako, Soorma Bhopali, maƙaryaci mai cika baki, wanda Jagdeep ya taka. Akwai shugaban gidan yari mai ɗan gashin baki irin na Hitila, wanda Asrani ya taka, kullum yana tunƙaho da cewa shi tun zamanin Turawa yake aiki, alhali fursunoni biyu na juya shi yadda suka ga dama. Wannan yanki shi ne mafi rauni a fim ɗin, domin ana iya cire shi labari bai girgiza ba. Amfaninsa ɗaya: yana sa mai kallo ya saki jiki da Veeru da Jai, ya ɗauke su 'yan duniya marasa mugunta, kafin a jefa su inda wasa ba ya ci.

Barkwancin da ke cikin ƙauyen ya fi wannan nauyi, saboda daga halayen mutanen yake fitowa. Basanti, wato Hema Malini, mai tuƙa keken doki ce, ga ta da surutu kamar an kunna rediyo, amma kullum cewa take ita ba ta son yawan magana. Veeru ya kamu da sonta, ya tura Jai neman aure wurin gwaggonta. Jai ya zauna cikin ladabi, fuska ba alamar dariya, yana yabon abokinsa da irin yabon da ke rusa mutum: ba shi da sana'a tsayayya, amma ai ba kullum ake cin caca ba, yana caca ne kawai idan ya sha, ba a san asalinsa ba, amma da zarar an gano za a sanar da ita. Tsohuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta bayarwa. Sai Veeru ya yi mankas, ya haye tankin ruwan ƙauye, ya tara jama'a yana barazanar faɗowa har sai da aka amsa masa. Duk wanda ya taɓa ganin wakilin ango a zauren neman aure zai gane abin da ake yi wa dariya a nan, ko da bai ji kalma ɗaya ta Indiyanci ba.

Jai shi ne kishiyar wannan hayaniya. Ba ya magana sai da dalili, kuma soyayyarsa da Radha, surukar Thakur da mijinta ya rasu, kusan babu furuci a cikinta: ita tana kashe fitilun baranda da almuru, shi yana zaune a ƙasa yana busa ɗan abin busarsa. Jaya Bhaduri ce ta taka Radha, kuma ita da Amitabh sun riga sun yi aure a 1973, kafin a fara ɗaukar fim ɗin. Dharmendra da Hema Malini su ma sun yi nasu auren a 1980.

Sai kuma Gabbar. Da farko Danny Denzongpa aka so ya taka rawar, amma yana can Afganistan yana wani aikin, sai aka ba Amjad Khan, wanda a lokacin ba a san shi sosai ba. Ba a nuno shi sai da fim ya yi nisa, kuma fitowarsa ta farko ita ce wurin da dariya da kisa suka zama abu ɗaya. Yaransa uku sun je karɓar hatsi a Ramgarh, mutum biyu sun koro su hannu wofi. Gabbar yana takawa a kan dutse, yana jan bel ɗin harsasai a ƙasa, yana tambayarsu a hankali mutum nawa suka tarar. Ya karɓi bindiga mai harsashi shida, ya ce shida ga mutum uku ai rashin adalci ne, ya harba uku a iska, ya juya gidan harsashin yadda shi kansa bai san inda sauran suke ba. Ya ɗora wa na farko a ka, ya ja kunama, babu komai. Na biyu haka, na uku haka. Sai ya tuntsire da dariya don mamaki, yaransa da ke kan duwatsu suka ɗauka, su ma ukun da suka tsira suka shiga yi, har mai kallo ya fara murmushi. Ana tsakiyar wannan ya juyo ya harbe su duka uku.

Daga nan mai kallo ya fahimci cewa dariya iri biyu ce a fim ɗin. Ta Veeru da Basanti tana tara mutane wuri ɗaya. Ta Gabbar makami ce, domin wanda ke kusa da shi ba ya sanin ko raha ake yi ko ajalinsa ne ya zo, kuma wannan rashin tabbas ya fi bindiga tsoratarwa. Marubutan sun yi hikima da ba su taɓa mayar da Gabbar abin dariya ba. Yana ba da dariya, amma ba a yi masa.

Wani abin lura shi ne, duk da sunan da fim ɗin ya yi na tashin hankali, jinin da ake gani a ido kaɗan ne. Bayan harin da aka kawo ranar bikin Holi, Veeru da Jai sun fusata ganin bindiga ta faɗi a gaban Thakur amma bai ɗauka ya taimake su ba. A nan ya ba su labari: shi ya kama Gabbar ya kai shi kurkuku, Gabbar ya tsere, ya zo gidansa ya kashe 'ya'yansa da surukarsa ɗaya da jikansa. A wannan fage babu kiɗa, sai ƙarar lilo da iska ke kaɗawa. Da Gabbar ya saita yaron, ba a nuna harbin ba, sai hoto ya koma kan jirgin ƙasa yana huci a tasha. Haka ma yanke hannayen Thakur biyu: an ga takubba sun tashi, sai aka dawo ga mayafinsa yana zamewa ƙasa, hannayen riga suna reto babu komai a ciki. Abin da aka ɓoye ya fi abin da aka nuna zama a zuciya, kuma wannan darasi ne da fina-finan faɗa da yawa na yau suka manta.

Akwai fage guda da ke taɓa mai kallo Musulmi fiye da sauran. Limamin ƙauyen, tsoho makaho da A. K. Hangal ya taka, ya lallashi ɗansa tilo, Ahmed, ya tafi birni neman aiki. Mutanen Gabbar suka tare shi, aka dawo da gawarsa a kan doki da takardar gargaɗi. Jama'a suka tsorata, suka ce a miƙa baƙin nan biyu a huta. Liman ya shafa fuskar gawar ya gane ɗansa, ya yi musu magana kan mutuwar mutunci da rayuwar wulaƙanci, sannan da aka kira salla ya nemi a kama hannunsa zuwa masallaci. Babu wargi ko kaɗan a wurin, kuma daga nan raha ta fara janyewa daga fim ɗin. Ko rawar Basanti ta ƙarshe, a kan fasassun kwalabe ta yi ta, don kada a harbe Veeru.

Jai ya mutu yana tsare gada shi kaɗai. Duk tsawon fim ɗin, idan shawara ta raba su, kwabo yake cillawa sama, kuma kullum shi ke ci. Sai bayan ya cika Veeru ya duba kwabon ya ga fuskokinsa biyu iri ɗaya ne. Abin da aka yi ta yi wa dariya tun farko, ashe da shi Jai ya zaɓar wa kansa mutuwa ya tura abokinsa gida.

Ƙarshen da aka nuna a 1975 ba shi ne wanda Ramesh Sippy ya fara ɗauka ba. A na asali, Thakur ya kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi a tafinsa, sannan ya fashe da kuka. Amma a watan Yunin shekarar Firaminista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, kuma hukumar tace fina-finai ta ƙi yarda a nuna tsohon ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa. Dole aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a daidai lokaci suka tafi da Gabbar. Makonnin farko kasuwa ba ta yi kyau ba, masu sharhi suka yi ta suka, sai daga baya labari ya bazu daga baki zuwa baki. Ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay, har faifan maganganun 'yan wasan aka buga aka sayar. Duk da haka kyauta ɗaya tak ya samu a gasar Filmfare ta shekararsa, ta tace hoto.

A ƙasar Hausa, Sholay ya tarar da hanya a share. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori ke shigo da fina-finan Indiya gidajen silima na Arewa, irin su Plaza da Orion da Marhaba a Kano, waɗanda akasari ba su da rufi, sai dare ya yi ake haska majigi. Masu kallo ba su jin yaren, amma suna bin labari tsaf, suna haddace waƙoƙi, suna laƙaba wa 'yan wasa sunaye. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Haɗa duka da raha ma ba baƙon abu ba ne ga mutumin Sakkwato, wanda ya san filin dambe, inda ake kirari da zambo da shewa alhali ga wani yana tofar da jini, kuma a nan makaɗi Ɗan Anace ya yi sunansa yana wasa ɗan dambe Shago. Da silima ta mutu sai kaset ɗin bidiyo da gidajen kallo suka gaje ta, sannan faifan CD. Yau a unguwanni irin su Unguwar Rogo a Sakkwato, saurayi wurin masu tura fina-finai a waya yake zuwa, kuma abin da ya fi nema shi ne fassarar Hausa irin wadda kamfanin Algaita na Kano ya yi suna da ita. Masu fassarar sukan ƙara nasu barkwancin a bakin bos da jarumi, wani lokaci har a wurin da mai fim ya so a yi tsit.

Kallon Sholay a Sakkwato ta yau ya bambanta da kallonsa a shekarun 1970. A da, ɗan fashin da ke zaune a cikin duwatsu yana aiko yara su karɓi hatsi, yana cewa kuɗin kariya ne, labarin wata ƙasa ce mai nisa. Yanzu mutanen Sabon Birni da Isa da sauran garuruwan gabashin jihar sun san harajin 'yan bindiga da idonsu, sun san muhawarar a biya a zauna lafiya ko a tsaya a yi turjiya, wadda ita ce ta raba kan mutanen Ramgarh a gaban gawar Ahmed. Maganin da fim ɗin ya bayar, wato jarumai biyu da bindiga, na silima ne kawai. Amma hoton da ya zana na yadda tsoro ke mulkin ƙauye, da yadda azzalumi ke wasa da ran mutum yana dariya, daidai yake.

Sanjeev Kumar ya rasu a 1985, Amjad Khan a 1992. An sake fitar da fim ɗin da fasahar 3D a Janairun 2014. A Yunin 2025, shekara hamsin bayan fitowarsa, aka nuna gyararren kwafinsa a birnin Bologna na Italiya, ɗauke da ainihin ƙarshen da hukumar tace fina-finai ta hana.