Kafin Magana Ta Fita Waje: Kamfanonin Yamai da Ma'aikacin da Ya Ga Ɓarna

A kamfanoni da yawa na Yamai, ma'aikacin da ya ga ana ƙara kuɗi a rasit, ko ana yanke masa kason asusun fanshon ma'aikata na CNSS ba a kaiwa, ba ya da wurin kai kuka sai gaban shugabansa. To idan shugaban ne mai ɓarnar fa? Ko mai riƙe da asusun ɗan ƴar'uwar mai gida ne? Sai ya haɗiye maganar don kada a kira shi ɗan gulma. Ran da ta ishe shi kuwa, a WhatsApp za a ji ta.

Doka ba ta bar zancen ga ganin damar mai kamfani ba. Ƙa'idojin ƙungiyar dokokin kasuwanci ta OHADA, da Nijar ke cikinta, sun wajabta wa mai binciken asusun kamfani ya sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati laifin da ya gano. Bankuna na kai wa hukumar binciken bayanan kuɗi ta CENTIF rahoton hada-hadar da ba su yarda da ita ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta haramta matsa wa ma'aikaci da neman lalata, ta kuma hana korar wakilin ma'aikata sai da izinin sufeton ƙwadago. A 2023 an kafa hukumar COLDEFF don bin sawun dukiyar ƙasa, abin da ya shafi duk mai kwangilar gwamnati. Faransa ma, da wata dokar 2016, ta tilasta wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama buɗe hanyar karɓar irin wannan rahoto.

Shirin buɗe irin wannan hanya a kamfani ba ya cin kuɗi. A naɗa mutum biyu masu karɓar ƙorafi, ɗaya mace, kuma kada a ɗauko su daga dangin mai gida. Nan ne akasari ake faɗuwa, domin ba wanda zai kai ƙarar ƙane wurin wa. A karɓi magana da baki, da Hausa ko Zabarmanci, saboda direba da mai gadi sun fi kowa ganin abin da ke fita daga sito, alhali ba duka ke rubuta Faransanci ba. A rubuta ranar karɓa, a ɓoye sunan mai magana, a saurari wanda ake zargi kafin hukunci.

Mafi wuya shi ne abin da ke biyo baya. Ramuwa ba kullum kora ba ce: a ɗauke mutum daga Yamai a tura shi reshen Diffa, a hana shi ƙarin girma, a daina kiransa taro. Don haka duk canjin aikin da ya shafi wanda ya kawo rahoto, a rubuta dalilinsa, wani dabam ya sa hannu.