Fulogi mai tsada: Shin yana rage shan mai a babur da mota?

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu ababen hawa ke neman duk dabarar da za ta rage musu kashe kuɗi a gidan mai. Cikin abubuwan da masu sayar da kayan gyara ke tallatawa akwai fulogi na musamman mai bakin iridiyom ko filatinam, wanda ake cewa yana ƙara wa inji ƙarfi, ya kuma rage shan mai.

Aikin fulogi shi ne ba da tartsatsin da ke kunna cakuɗen mai da iska a cikin silinda. Na gama-gari yana da cibiyar jan ƙarfe da aka lulluɓe da nikel, kaurin bakinsa kusan milimita 2.5. Na iridiyom, irin wanda NGK da Denso ke ƙerawa, siriri ne, milimita 0.4 zuwa 0.6. Iridiyom ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400 a ma'aunin Salshiyas, alhali nikel na narkewa a wajen 1,450. Shi ya sa bakinsa ba ya saurin cinyewa.

Daɗewar nan ita ce ainihin abin da mai saye ke biya. A mota, na gama-gari kan yi kusan kilomita 30,000, mai iridiyom na asali kuwa yana iya kai 100,000. Batun ƙarfi da shan mai kuma, idan inji lafiyayye ne, bambancin sabon wannan da sabon wancan bai taka kara ya karya ba. Masu cewa sun ga sauyi, galibi tsohon da ya riga ya mutu suka cire.

Ga ɗan acaba mai Bajaj Boxer, lissafin bai cika fita ba. Fulogin babur mai kafireto ya fi mutuwa saboda baƙin hayaƙi da man inji, tun kafin bakinsa ya cinye. Idan kafireto na ba da mai fiye da kima, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko zoben fistan ya saki, mai tsadar ma baƙi zai yi. Ga shi ba ya jure kankarewa da burushin waya yadda makanikai suka saba, domin siririn bakin lalacewa yake. Gyaran kafireto da wanke matatar iska sun fi rage shan mai.

Akwai inda kuɗin ke biyan kansa. Motocin zamani da littafin kamfani ya ce a sa musu iridiyom, shi ya kamata a sa, musamman masu silinda shida irin Toyota Sienna, inda sai an kwance sassa kafin a kai ga fulogi ukun baya. Haka motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur wuyar kamawa da wuta.

Jabu kuwa ya yi yawa a kasuwa, kuma idan bakinsa ya karye ya faɗa silinda, yana iya illata fistan. Kafin saye, a duba lambar da ke jikin tsohon fulogi da littafin abin hawa, domin lambar ce ke nuna tsawon zarensa da zafin da yake ɗauka.