Idan Maigida Ya Ce Bayan Ritaya Sai Ƙasar Waje

Ma'aikacin gwamnati kan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma da lokacin ya ƙarato za ki ji maigida ya fara lissafi. Wani gonarsa ta Ajingi zai koma, wani shago zai kama a kasuwar Gaya, wani kuwa cewa zai yi a sayar da komai a tafi ƙasar waje a ƙarasa sauran kwana. A wajenmu galibi Saudiyya ake nufi: Makka, Madina, ko Ɗa'ifa, garin nan mai sanyi na kan duwatsu. Tsohon buri ne, domin kakanninmu a ƙafa suka riƙa bi ta Sudan, da yawansu ma can suka yi zamansu.

To amma yau takarda ke magana. Bizar Umara ba iƙama ba ce, wanda ya zarce wa'adinsa zaman ɓuya zai yi, ga fargabar kamu, ga wahalar zuwa asibiti. A 2019 Saudiyya ta fito da iƙamar da ba ta buƙatar kafili, a kan riyal 800,000 biya ɗaya, ko 100,000 duk shekara. Fanshon maigida fa da naira ake biyansa, riyal kuwa ɗaure yake da dala, 3.75 a dala ɗaya. A farkon 2023 dala na wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Kin ga kuɗin da zai riƙe gida a Gaya, inda akwai gero a rumbu, can ko hayar ɗaki ba lallai ya biya ba.

Akwai kuma iyayen da ɗansu ya yi karatu a Turai ya samu aiki, ya ce su taho. A ce Faransa ne, a gari irin Girenobul da ke tsakiyar duwatsun Alps. Bizar dogon zama tana neman shaidar kuɗin shiga, da inshorar lafiya, da alkawarin ba za a yi aiki ba. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, mai ciwon gwiwa ta sani. Abin da ya fi shafarki kuwa shi ne, tun 1993 dokar ƙasar ba ta yarda mutum ya zauna da mace fiye da ɗaya ba. In kina da abokiyar zama, wa za a tafi da ita, wa za a bari da yara? A yi wannan magana tun a gida, gaban manya. Dokar 2010 kuma ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Hijabi ba laifi a titi, amma ban da niƙabi.

In dai maigida ya ƙudura, ki lallaɓa shi cikin ladabi kada a sayar da gida da gona. A ba ɗan'uwa amintacce ya noma, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. A fara zuwa ziyarar wata biyu ko uku, a lokacin da yanayin garin ya fi tsanani, a ga ko jiki zai ɗauka. Garatutin kuma kada a ƙarar da shi a tikiti da biza. A ware na dawowa. Fasfonki da takardar asibitinki su zauna a jakarki, ki kuma bar kwafinsu wurin babbar 'yarki.